Kaziye fari tas, mutum kuwa ana nemansa

Tun da tsaro ya taɓarɓare a yankinmu na Arewa, tambaya guda ke ta dawowa a kiran waya da saƙonnin WhatsApp: in mutum na son riƙe bindiga don kare gidansa da dabbobinsa, wa ke tantance shi? Wasu ma cewa suke a yi irin na Amurka, inda ake kama mai laifi a bakin kantin saida bindiga.

Abin na Amurka gaskiya ne. Dokar Brady ta 1993 ta wajabta binciken mai saye, kuma tun watan Nuwamba na 1998 duk mai kanti mai izini sai ya tura sunan mai saye ga rajistar da hukumar FBI ke riƙe da ita. Sau da yawa cikin ƴan mintoci amsa ke zuwa. A jihar Pensilbaniya ƴan sandan jiha ne ke yin binciken da kansu, kuma in kwamfuta ta nuna akwai takardar kamu a kan mutum, ana iya zuwa a ɗauke shi tun bai bar kantin ba. Amma ko can, a jihohi da dama, in maƙwabci ya saida wa maƙwabci bindiga hannu da hannu, ba wanda ke tambayar komi.

To mu nan fa? Mu ba mu da kantin bindiga, ko a Dogon Dutsi balle Sukukutane. Izinin riƙe bindiga daga ma'aikatar cikin gida yake fitowa, kuma riƙe ta ba izini laifi ne da ke kai mutum gidan kaso. Yarjejeniyar CEDEAO kan ƙananan makamai, wadda anka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yuni 2006, ta jera sharuɗɗa: shekaru su kai, kada mutum ya zama an taɓa yanke masa hukunci, a binciki halinsa, ya kawo dalili mai ƙarfi, ya koyi sarrafa ta, ya nuna inda zai aje ta nesa da harsashi. Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairu na 2025, amma tambayoyin nan ba su fita tare da ita ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Takardar da kowa ya dogara da ita ita ce kaziye judisiyer, wadda muke karɓowa a kotun yankin da anka haife mu duk lokacin da za mu aje dosiyen neman aiki ko konkur. Kaziye hukuncin da anka riga anka yanke kaɗai take nunawa. Mutumin da alƙali a Konni ko Gaya ya fitar da takardar kamu a kansa, ya gudu, ba a kai ga shari'a ba, kaziyensa fari tas yake. Wanda ya yi ta'asa a Tangaza ko Kangiwa, ƙetaren iyaka, shi ma nasa fari tas. Abin da zai iya tare su shi ne binciken hali da jandarmomi ko ƴan sanda ke yi, shi ma sai in takardar kamun ta iso birgadin da ke binciken. In tana kwance cikin durowar wani ofishi mai nisan kilomita ɗari biyu, ba ta tsare kowa.

Mun san abin da za ku ce, don an sha faɗa muna a waya: wane ɗan bindiga ne zai je neman izini? Gaskiya ne. Kalash ɗin da sunka bazu a Sahel bayan rushewar Libiya a 2011 ba su bi ta teburin kowa ba. Nijar na da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, tun 1994, kuma manya na tuna wutar zaman lafiya ta Agadez, ranar 25 ga Satumba 2000, da anka ƙone bindigogi sama da dubu. Duk da haka a watan Yuni na 2024 an kashe sojoji shida masu gadin bututun mai nan kusa da Tibiri, kuma waɗanda sunka yi haka ba su cika fom ba.

Amma akwai wuri guda da binciken ke da amfani gare mu sosai, shi ne ranar da gari ya zauna ya ce wa za a ba makami ya yi sintiri. Wannan jerin sunayen shi ne kantin bindigarmu.

Ku duba maƙwabta. A watan Yuni na 2022 gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'a su nemi izinin bindiga, har gwamnatinsa ta ce za ta raba fom 500 ga kowace daga cikin masarautu 19. Babban hafsan tsaron Najeriya ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Sai Lakurawa, waɗanda sojojin Najeriya sunka bayyana sunansu a fili a watan Nuwamba na 2024. Masu bincike a can sun nuna cewa tun farko wasu shugabannin al'umma a Gudu da Tangaza ne sunka gayyato su don su kore ɓarayin shanu. Ba wanda ya tambayi inda sunka fito, ko wa ke nemansu. Daga baya su ne sunka koma karɓar zakka da ƙarfi suna yi wa mutane bulala. Kuma ko mutanen kirki ne, makami a hannun farar hula ba garkuwa ba ne: ranar 2 ga Nuwamba 2021 magajin garin Banibangu da ƴan sa-kansa sunka faɗa kwanton ɓauna, mutum 69 sunka rasu.

Wasu na cewa ai maigari ya san kowa, ya wadatar. Lalle ya san wanda ya tafi cin rani shekara uku ya dawo da babur sabo ba a san sana'arsa ba, abin da kwamfutar FBI ba ta sani. Sai dai maigari ɗan Adam ne. Ɗan ƙanensa zai rufa wa asiri, Bafulatanin da ke ruga bayan gari kuma a zarge shi ko bai yi komi ba. Shi ya sa mu a ganinmu shaidar gari ita kaɗai ba ta isa. Kowane suna ya bi ta birgadi, birgadi ta tambayi mai shigar da ƙara na gwamnati ko akwai takardar kamu, kafin a miƙa wa mutum ko da bindigar mahalba ce.

In an samu fa, a kama shi? E, a kama shi, amma jandarma ya kama, a kai shi gaban alƙali. Ba samarin gari da sanduna ba. Takardar kamu ba hukunci ba ce, kuma kuskuren suna a wajenmu abu ne mai sauƙi. Abdu Garba nawa ne tsakanin Matankari da Dogon Kiriya? Da yawanmu takardar haihuwarmu daga baya kotu ta yi ta, an rubuta «wajen shekara kaza», ba rana ba wata. Sai an haɗa da sunan uwa da garin haihuwa kafin a sa wa mutum ankwa, in ba haka ba manomi zai kwana a kulle saboda laifin takwaransa, damina kuma ba ta jiran a gyara takarda.