Wasalin Gado

Masu iya magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne, amma da sauran magana, gama akwai abin da ɗa kan ɗauka daga zamanin da aka yi cikinsa, ko na ƙoshi ne ko na yunwa.

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Cikin kusan kowace ƙwaya akwai rubutun gado, rabi daga uwa, rabi daga uba, mai babi wajen 20,000. Rubutun da ke cikin ƙwayar ido shi ne cikin ƙwayar hanta. To, me ya sa ido ya zama ido, hanta ta zama hanta? Wanda ya yi makarantar allo ba zai sha wuyar ganewa ba. A ajami, baƙaƙen da suka rubuta kara su ne suka rubuta kira, wasalin bisa da na ƙasa ne kaɗai suka raba su. Haka jiki kan ɗora waɗansu ƙananan alamu, waɗanda masana ke kira metil, a kan rubutun gado, watau wannan babi a karanta, wancan a rufe. Baƙaƙe suna nan yadda aka gaje su, amma abinci, da hayaƙin taba, da tsufa, duk suna iya taɓa wasalin.

Ga abin da ya faru a ƙasar Holan. Cikin hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus suka tare hanyoyin abinci na yammacin ƙasar. Yunwa ta yi tsanani har mutum wajen 20,000 suka mutu, ba a sami sauƙi ba sai watan Mayu na 1945. Duk da wannan masifa ma'aikatan asibiti ba su daina rubuta ranar haihuwa da nauyin kowane jariri ba. Da aka bi waɗannan littattafai bayan shekaru, sai aka ga abin mamaki. 'Ya'yan da yunwa ta same su a farkon ciki an haife su da nauyinsu daidai, ba wanda ya ga aibu gare su. Amma da suka manyanta ƙiba da ciwon zuciya suka fi yawa cikinsu. A 2008 masana suka gwada jininsu da na 'yan'uwansu ciki ɗaya waɗanda yunwar ba ta same su ba, suka tarar alamun metil sun ragu a kan wani babi mai kula da girman jiki. Shekara sittin da wucewar yunwa, ga sawunta cikin jini.

Kada a ce wannan sai ƙasar da aka yi yaƙi. A ƙauyukan Gambiya, inda rumbu kan yi ƙasa da damina kamar yadda ya kan yi a ƙasar Hausa, an auna, aka buga sakamakon a 2014, aka ga alamun yaran da aka yi cikinsu da damina sun bambanta da na waɗanda aka yi cikinsu da rani, bisa ga abin da iyayensu mata ke ci a lokacin.

Abin lura shi ne, yawancin wannan wasali ana ɗora shi cikin makonnin farko, tun mace ba ta tabbatar tana da ciki ba. Saboda haka maigidan da ya jira sai ciki ya fito sa'an nan ya fara sayen nama ya makara. Gidan da a kan cika akushin maza, mata su ci ƙanzo, ya kamata ya sake shawara. Wake, da gyaɗa, da ganyen zogale, da ƙwai in an samu, ƙwaryar matar gida ya kamata su fara shiga, musamman tsakiyar damina. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, ɗa kuwa tun ba a san da shi ba. Allah Ya ba mu wadata, Ya raya mana zuriya.