Bin Ƙorama Zuwa Magangara Bakwai a Arizona

Birnin Tusan na jihar Arizona a Amurka yana kwance ne a gindin duwatsun Santa Katalina, kuma daga arewa maso gabashin garin ake shiga kwazazzabon Sabino, wanda ke cikin gandun dajin ƙasa na Koronado. An sa wa gandun sunan wani ɗan Sifaniya da ya ratso yankin a 1540 yana neman biranen zinariya. Ni da wani ɗalibi ɗan Damagaram da ke karatu a Jami'ar Arizona muka isa ƙofar wurin bayan sallar asuba, domin a wannan ƙasa wanda rana ta riga shi fita ya shiga uku.

Tun 1978 aka hana motocin jama'a shiga Sabino. Motar ɗaukar baƙi ce kawai ke bin titin da ya ƙetare gadojin dutse tara, aikin shekarun 1930. Mu muka bar titin, muka yi gabas zuwa kwazazzabon Bear, hanyar da ke kaiwa Seven Falls, wato Magangara Bakwai, inda ruwa ke gangarowa hawa-hawa. Zuwa da dawowa kusan kilomita 13 ne.

Farkon hanyar fili ne mai tsakuwa, sai itatuwan saguwaro a tsaitsaye, dogaye, ba ganye sai ƙaya. Na tsaya kusa da wani na duba jikinsa. Tsagi-tsagi ne daga sama har ƙasa, tsagin na buɗewa idan ya sha ruwan sama, ya tsuke a lokacin fari. Can sama tsuntsu ya huda rami ya yi sheƙa. Itacen kan haura shekara 50 kafin ya fitar da reshen farko, wasu kuma suna rayuwa shekara 150 ko fiye. Al'ummar Tohono O'odam, 'yan asalin yankin, har yau suna tsinkar 'ya'yansa da dogon sanda gab da saukar damina. Gaskiya raina ya ɓaci da na ga wani saguwaro da aka sassaƙa wa haruffa da wuƙa.

Da muka shiga tsakanin duwatsun sai iska ta sauya, ta yi sanyi. Ga ƙorama a ƙasa, ga manyan itatuwa masu inuwa a gefenta, alhali taku kaɗan sama da su ba komai sai ƙaya da dutse. Hanyar tana tsallaka ruwan sau bakwai, ana bi ta kan duwatsu masu santsi. Asalin wannan ruwa daga ƙwanƙolin duwatsun ne, wajen tsaunin Lemon mai tsayin kusan mita 2,800, inda dusar ƙanƙara ke sauka da hunturu ta narke a hankali.

A wani tsallake abokin tafiyata ya nuna mini tarin busassun rassa da suka maƙale a jikin itace, sama da kaina. Ya ce, "Malam, ka ga inda ruwa ya kai? Haka kori, wato busasshen rafi, yake yi a Agadas: sama garau a kanka, amma an yi ruwa a kan dutse, sai ka ji ruri." Maganarsa gaskiya ce. Daminar Tusan daga Yuli zuwa Satumba take, kuma a ƙarshen Yulin 2006 ambaliya ta kwaso laka da duwatsu ta lalata titin Sabino. Wata gobarar daji a 2020 kuma ta ƙone ciyayin da ke riƙe ƙasa a saman duwatsun. Ni a ganina duk mai shiga nan da damina, tsaunin ya kamata ya riƙa dubawa fiye da wayarsa.

Bayan tsallake na ƙarshe hanya ta miƙe sama tana karkacewa, gwiwa ta fara magana. Sai ga magangarar a ɗaya gefen, ruwa na sauka daga kwatami zuwa kwatami a kan farin dutse mai ratsin baƙi. Muka sauka, muka cire takalma, muka tsoma ƙafa. Sanyinsa har cikin ƙashi. Muka ci dabino, muka duba gorunanmu, da muka ga ruwan sha ya kusa rabi sai muka juyo, don ba a shan na ƙoramar sai an tace.