Daga Suleja zuwa Gwagwalada: neman dalilin yaron da ya ƙi tsawo

Idan ka taso daga Kaduna ka nufi Abuja, kafin Dutsen Zuma ya tare maka gaba a Madalla, za ka ga kwanar da ke shiga Suleja. Garin nan shi ne asalin Abuja. Da aka ɗauki sunan aka ba sabon babban birni a 1976, sai ya koma amsa sunan Sarki Sulaimanu Barau. Yau gari ne na masu sammako: tun asuba motoci ke kwasar ma'aikata zuwa Abuja, sai dare su dawo da su. Iyaye da yawa a kwance suke barin 'ya'yansu, a kwance suke tarar da su, ina suka ga sararin lura da cewa wandon makarantar bara har yau bai ɗage wa yaro ba?

Shiga Kasuwar IBB ka kalli yaran da ke bin iyayensu. Za ka ga ɗan shekara 8 da za ka rantse bai wuce 5 ba. Ka yi magana a ce maka gado ne, ko a ce lokacinsa ne bai yi ba. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma yawanci ƙarancin abinci mai gina jiki ne da yawan gudawa da zazzaɓi. Bayan su akwai sikila, ciwon ƙoda, da raunin halittar nan ta maƙogwaro da ke kumbura ta zama maƙoƙo.

Zangon farko bai wuce asibitin unguwa ko Babban Asibitin Suleja ba, kuma sandar awo ce ke aikin. A auna tsayin yaro, a rubuta a katinsa, a sake bayan wata 6. Daga shekara 4 zuwa balaga yaro kan ƙara wajen santimita 5 zuwa 6 a shekara. Wanda bai kai 4 ba, a tuhumi wani abu.

Daga nan hanya ta bi Zuba ta gangara Gwagwalada, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja yake, ko ta miƙe zuwa Asibitin Ƙasa a cikin Abuja. Can ne ake ɗaukar hoton ƙashin hannun hagu a ga shekarun ƙashi, a kuma auna sinadaran jini.

A nan ne wani lamari mai ban mamaki kan fito, ko da yake da wuya a gamu da shi. Wata 'yar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa ce ke fitar da sinadarin girma. Shi kuma sai ya je hanta ya ƙwanƙwasa, ita ta saki wani sinadarin da likitoci ke kira IGF-1, wanda shi ne ke miƙar da ƙashi. Akwai yaran da sinadarin girma ya cika jininsu har ya yi yawa, amma hanta ba ta jin sallamarsa. Gwaji sai ya nuna na farko a sama, na biyu a ƙasa. Likita Zvi Laron ne ya bayyana ciwon a Isra'ila a 1966, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Yaron kan zo da fitaccen goshi, ƙaramar fuska, siririyar murya da ƙiba, sukarin jininsa kuma kan faɗi tun yana jariri. Sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi yake bayyana, don haka ya fi yawa inda ake auren zumunci, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu. Mutane ɗaruruwa kaɗan aka sani da shi a duniya, kusan 100 daga cikinsu a ƙauyukan kudancin Ikwado, inda aka lura da ƙyar ciwon sukari ko sankara ke kama su.

Irin wannan yaro, ko za ka sayar da gona ka saya masa allurar sinadarin girma, ba zai ƙara ko taƙi ba. Maganinsa shi ne IGF-1 ɗin kansa, wanda Amurka ta amince da shi a 2005 da sunan Increlex. Allura ce sau biyu a rana, dole tare da abinci don kada sukari ya faɗi, ga tsada mai karya mai gida, kuma ba ta aiki bayan ƙasusuwa sun rufe a ƙarshen balaga. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake tallarsu a tasha kuwa, wasunsu ma daƙile tsayin suke yi.

In za ka kama hanyar Gwagwalada, ka tafi da katin rigakafin yaron da duk awon da aka taɓa yi masa. Likita zai tambayi tsayinka da na mahaifiyarsa, da ko akwai zumunci tsakaninku.