Waƙar Makaɗi, Ta Wa Ce?

A ƙasar Zamfara, a zamanin da, waƙa ba hajar kasuwa ba ce. Makaɗin fada yakan shirya ta domin ubangidansa, ran salla ya zo ƙofar Sarkin Zamfara a Anka, ko ta Sarkin Mafara a Gummi, ya rera, 'yan amshi su karɓa. A ba shi doki da riga, wata sa'a har da damman hatsi. Shi ke nan, an biya. In wani ƙaramin maroƙi ya ɗauki waƙar ya kai ƙauye, ba mai kai shi gaban alƙali. Gori kaɗai zai sha, gama kowa ya san mai ita.

Malamai masu rubutacciyar waƙa kuwa da tasu dabara. Sukan sa sunansu cikin baitocin ƙarshe, har da ramzin shekara, yadda duk almajirin da ya kwafa sai ya kwafa da sunan. Su ba kuɗi suke bida ba, sai lada.

Faifan garmaho shi ya fara sauya al'amarin, sa'an nan Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, sa'an nan kaset. Murya ta rabu da mai ita, ta shiga hannun 'yan kasuwa. Yau yaro na zaune a rumfa da kwamfuta, yana tura wa mutane waƙoƙi ɗari cikin waya a kan kuɗi kaɗan, iyalin makaɗin ko anini ba su gani ba. Ba don mugunta yake yi ba. Ba wanda ya taɓa gaya masa waƙa tana da magada.

Alhali kuwa tana da su. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ce ba mai ikon kwafar waƙa, ko buga ta a littafi, ko rarraba ta, sai da iznin mai ita, har shekara 70 bayan shekarar rasuwarsa. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, ke nan haƙƙin waƙoƙinsa yana nan har ƙarshen 2061. Muryar da aka ɗauka kuwa haƙƙinta dabam ne, shekara 50.

Amma fa da sharaɗi: sai waƙar da aka rubuta, ko aka ɗauka cikin na'ura. Wadda ta tsaya a ka, doka ba ta san da ita a matsayin ta wane ba. A nan ne wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci yake da aiki. In akwai tsohon makaɗi a gidansu, ya zauna da shi, ya rubuta waƙoƙin, da sunan wanda aka yi wa, da shekara. Kada kuma ya bar sunayen 'yan amshi, domin sau da yawa tare da su ake ɗinka waƙar, wanda kuwa ya sa hannu cikin shiri yana da rabo.