Igiya a kan tanki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Titin Ibrahim Taiwo bayan la'asar ya san wurin ba na mai sanyin jiki ba ne. 'Yan dako na fitowa da dilolin atamfa daga Kantin Kwari, 'yan kura na ihun a ba su hanya, adaidaita sahu na cusa kai duk inda ya ga tsaga, 'yan KAROTA na ta fama da kowa. Titin ya ci sunan Kanar Ibrahim Taiwo, gwamnan soja na jihar Kwara da aka kashe a yunƙurin juyin mulkin 13 ga Fabrairun 1976, wanda ya ci ran Janar Murtala. Amma a cikin wannan hayaniya wa ke da lokacin tarihi? Ni dai abin da titin yake tuna mini shi ne minti goma da na yi ina tsaye, baki a rufe, ana lalata dukiyar mahaifina a gaban idona.

A ƙarshen kakar 2024 ne, ina ND 2 a sashen injiniyan kanikanci. Baba ya sayar da riɗinsa, ya haɗa da raguna biyu na Inna, ya ce a sai wa Yaya babur. Garinmu yana can gaba da Haɗeja, wajen Malam Madori, kuma a can babur ba kayan gayu ba ne. Shi ne motar kasuwa, shi ne motar asibiti in haihuwa ta zo da tsakar dare. Yaya zai riƙa acaɓa da shi yana ciyar da iyalinsa. A lokacin kuɗin Boxer sabo ya haura naira miliyan ɗaya, don tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, komai ya tashi. Baba ya je wajen mai POS ya turo mini kuɗin, sannan ya kira ni ya ce, "Kai ne a birni, kuma kai ne injiniya. Ka zaɓo mai kyau, ka sa a mota." Wallahi ranar har wani tafiya nake yi daban a hostel.

Wani abin mamaki game da Kano shi ne, tun Janairun 2013 gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, amma cinikin babur bai mutu ba. Ka shiga lungunan Fagge ka ga Bajaj na Indiya da Jincheng da Haojue na China a jere, yara na farke kwali suna haɗa su a bakin hanya. Da yawansu ba a birni za su zauna ba. Ƙauyukan Kano za su tafi, da Jigawa, da Katsina, wasu har Nijar. Ke nan kusan kowane ɗaya sai ya hau wata mota kafin a hau shi.

Mai shagon da na saya a wurinsa ya ba ni zaɓi: ko in ɗauka a kwalinsa a haɗa a can, ko a haɗa mini a nan. Ya ce na kwali ya fi jure hanya, tunda a haka ya taso daga Legas, komai a ɗaure a mazauninsa. Na ƙi. Na ce ban yarda da bakaniken ƙauye ba, kuma ina so in ji kukan injin da kunnena. Wannan gaskiya ne, amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashi: ina so in hau in ɗauki hoto. Na kuwa ɗauka. Tuƙa shi zuwa gida bai taso ba, don tafiyar ta kusa kilomita 200, ga shi ba lamba, ga sabon inji ba a son a matsa masa tun ranar farko.

Motar da na samu kanta ce, tana lodi a wani lungu da ke ɓullewa titin. Ta cika da kayan masarufi daga kasuwar Singa, katan-katan na taliya da sabulu da buhunan sukari, za ta bi ta Gezawa da Ringim da Gujungu ta sauke a Haɗeja da ƙauyukan gaba. Direban dattijo ne, furfura a gemu, sa'an Baba. Muka yi ciniki, na biya, ba takarda ba komai. Lambar waya kawai muka yi musaya.

Sai da aka gama lodi tsaf aka waiwayi babur. Mutum huɗu suka cicciɓe shi, abin da ya haura kilo ɗari, suka kwantar da shi a kan gefensa bisa buhunan sukari. Yaron mota ya wurgo igiyar nailan ta bi ta kan tanki, ya taka bodin mota da ƙafa ya ja da iya ƙarfinsa. Na ga hannun birki ya nutse cikin buhu. Na ga madubi yana gogar ƙarfen bodi. Na san akwai fetur a tanki, don ni na zuba lita biyu na gwaji, kuma baƙin mai cike yake a inji. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne na san duk abin da zai faru. A satin nan muka yi darasi a kan jijjiga da yadda nauyi ke taruwa a wuri guda in faɗin wurin ya yi kaɗan. Igiya siririya a kan gwangwanin tanki, ga ramukan hanya na sa'o'i, ai ko ɗan ND 1 zai faɗa maka amsar.

Na buɗe baki na ce, "Baba, da an tsayar da shi..." Bai bari na ƙarasa ba. Ya yi murmushi ya ce, "Yaro, tun ba a haife ka ba nake bin hanyar nan. Kwantar da hankalinka." Yaran lodi suka yi dariya. Ni kuma na yi shiru. A gidanmu ba a ja-in-ja da mai furfura, kuma ga mutane, ga rana, ga ni da jakar makaranta a baya. Na ce Allah ya kiyaye hanya, na hau adaidaita na koma.

Washegari da hantsi Yaya ya kira. Bai gaishe ni ba ma. Tanki ya lotsa daidai inda igiya ta bi, fenti ya kware. Hannun birki ya karye, madubi ɗaya babu, kan babur ya ɗan karkace. Baƙin mai ya tsiyaye ya jiƙa matatar iska, aka yi ta buga shi ya ƙi tashi. Ashe a hanya an ƙara lodi, an ɗora wani injin ban-ruwa a gefensa, su biyun suka yi ta gogayya har gari. Ƙarin gishiri kuma, man ya ɓata buhun sukari na wani mai shago, shi ma ya zo yana neman hakkinsa.

Aka zauna a ƙofar gidan liman. Direba ya ce tsautsayi ne, shi bai taɓa biyan irin wannan ba. Liman ya ce a fiƙihu wanda aka ba kaya ya kai amintacce ne, ba a ɗora masa biya sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka, don haka sai a duba ko an yi sakacin. Aka kira ni a waya aka sa a sifika. Liman ya ce, "Ɗana, kana wurin aka ɗaura?" Na ce ina wurin. "Ka ga yadda aka ɗaura?" Na ce na gani. "Ka hana?" Ina jin kukan akuya da tarin wani tsoho ta cikin wayar, ni kuma na rasa abin cewa. Daga ƙarshe sulhu aka yi. Direba ya mayar da rabin kuɗin mota, mai sukari ya yafe, gyara ya dawo kanmu. Yaya ya yi kwana tara bai fara aiki ba, ana jiran kayan gyara.

Baba bai yi mini faɗa ba. Da na kira shi da daddare ina kame-kame, cewa ya yi, "Ba komai, Allah ya kiyaye gaba. Ya karatu?" Da mari ya yi mini da na fi samun barci.

Wani abokina a sashen kasuwanci ya ce ai da na yi inshora. Na bincika. Inshorar da yawancin masu babur ke yanka don 'yan sanda, ita ce mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani a kan titi, ba ta san da lotsawar tankinka a bayan kanta ba. Akwai ta kayan da ke kan hanya, amma manyan 'yan kasuwa masu tirela ne ke yin ta. A lungun da na yi lodi, in ka ambace ta ma sai a ɗauka zolaya kake.

Bayan wata huɗu Kawu ya turo nasa kuɗin, shi ma babur yake so. Ban san ko mantawa suka yi ba ko gwaji ne. Na roƙe shi ya karɓa a kwali, ya ce shi a haɗe yake so, kamar na Yaya. To.

Wannan karon tun ƙarfe bakwai na safe ina wurin, kafin a fara lodi, don wanda ya zo ƙarshe shi ake ɗorawa a sama. Na biya ƙarin kuɗi aka ba ni gurbi a ƙasa, can gaba, tayar gaba ta tokare da bodin mota. Na tsiyaye fetur, na rufe makunnin mai, na cire wayar batir. Madubai na kwance su na naɗe a tsumma, na sa a leda tare da makulli ɗaya. Ɗayan makullin da rasit mai lambar inji da ta shasi na riƙe, na aika ta hannun wani ɗan garinmu daban. Na sayi tsohon soson katifa a Sabon Gari na lulluɓe tanki da fitila da salansa, na bi da kwali. Aka tsayar da shi a miƙe, a giya ɗaya, ba a kan ƙafar da ake kafe shi ba, don ita ce ke fara lanƙwashewa in mota ta faɗa rami. Igiya huɗu, biyu gaba biyu baya, kowacce a jikin ƙarfe mai ƙwari, ba wadda ta taɓa tanki ko wayar birki. Wurin da na fi daɗewa shi ne gaban. Na sa yaron mota ya danna kan babur har shakazoba ta ɗan nutse, sannan muka ɗaure, saboda in ba a yi haka ba, kowane rami zai sa ta nutse da kanta, igiya ta saki, babur ya fara rawa. Amma ba a danne ta har ƙarshe, kada a kashe ta.

Direban wannan motar ma babba ne. Ya tsaya yana kallo ya ce, "Injiniya, jirgi za mu hau ne?" Aka yi dariya kamar wancan karon. Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri, amanar mutane ce, kuma an taɓa cizona." Sai ya daina dariya, ya ma kawo tsohuwar taya da kansa ya tokare gefe. Na zagaya babur da waya ina bidiyo, shi yana ciki, na faɗi rana da lambar mota. Na rubuta a takardar littafina cewa ya karɓi babur lafiya kuma ba za a ɗora komai a kansa ba, ya sa hannu yana cewa 'yan boko da fitina. Na rasa lakca biyu a ranar.

Ya isa ko ƙwarzane babu. Kawu ya kira ya ce an gode, ya kashe waya, don shi a wurinsa haka ya kamata a yi tun farko.

Na Yaya kuwa har yanzu lotsawar tana nan. Mai gyaran bodi ya ce sai an yanka tankin kafin a buga ta, Yaya ya ce a bar ta. Ya manna sitika a kai, amma ta ƙi kwanciya saboda ramin. Duk hutun da na je gida shi ke ɗauko ni daga tasha, kuma da zarar na hau baya sai ya ƙwanƙwasa wurin da yatsa sau biyu, ya ce, "Injiniya, ka zauna daidai?" sannan ya ba shi wuta.