Dala 1 da Senti 20

Aikin da na fi daɗewa a kansa a Amurka shi ne tsaron shagon waya a unguwar Bronx ta birnin Niyok, tun daga farkon shekarun 2000 har lokacin da na tattara nawa ya nawa na dawo gida. Muna sayar da wayar salula da katin kiran ƙasar waje, muna kuma karɓar kuɗin wata daga masu layi. Mai shagon ba Bahaushe ba ne, saboda bakina ya ɗauke ni, don yawancin masu shigowa mutanenmu ne: 'yan zangon Kumasi da Nima, mutanen Yamai da Damagaram, da 'yan tsirarun Kanawa da Zazzagawa, wasu direbobin tasi, wasu masu kitso, wasu masu gadi. Sayar da waya ba shi da wata wahala. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da takardar biyan kuɗi ta iso, mutum ya shigo da ita a hannu ya dangwarar a kan kanta, yana neman wanda zai gaya masa dalilin da aka yi ciniki a dala 40 amma ga shi ana neman fiye da haka.

A ƙasan takardar akwai jerin ƙananan layuka da ake rubutawa da siririn rubutu, kowanne da kuɗinsa. Mafi yawansu ba na tsayawa kare su, sai in ce haraji ne, Allah ya ba mu haƙuri. Guda ɗaya ne nake tsayawa a kansa da gaske, wato kuɗin kiran gaggawa na lamba 911. Jihar Niyok tana karɓar dala 1 da senti 20 duk wata a kan kowace wayar hannu, birnin kuma ya ɗora nasa senti 30. Da wani dattijo ya sa yatsa a kan layin ya ce, “Malam, wannan kuma na mene ne?” sai in ce, “Baba, kuɗin 'yan sintiri ne. Kowane gida yana bayarwa, ko ɓarawo ya shiga gidansa ko bai shiga ba.” Ya ce, “Ni fa ban taɓa kiransu ba.” In ce, “Allah ya sa har ka koma gida kada ka kira su.” A nan maganar take mutuwa, don babu wanda ya taso a unguwa da bai san wannan lissafin ba.

Sai da na daɗe a aikin na fahimci yadda abin yake tafiya. Baƙo yakan ɗauka gwamnatin tarayya ce ke da lambar, tunda ko'ina ka je a ƙasar ita ce dai 911. Ba haka ba ne. Landan ce ta fara irin wannan lamba da 999 a 1937, Amurka kuwa sai ranar 16 ga Fabrairun 1968 aka yi kiran farko a wani ƙaramin gari mai suna Haleyville a jihar Alabama, kuma sai a 1999 majalisar tarayya ta mayar da ita lambar ƙasa baki ɗaya a hukumance. Amma cibiyoyin da ke amsa kiran, kusan 6,000, na gundumomi ne da birane. Kiran kyauta ne ga mai kira, to su masu amsawa dare da rana, da kwamfutocinsu, da layukan da ke kawo kiran, wa zai biya? Kowace jiha ta yi tata dokar. Kamfanin waya ne ke karɓar kuɗin a cikin takardar wata, ya cire ɗan ladan wahalarsa, ya miƙa sauran. A Niyok kuɗin wayar girke gunduma yake zuwa kai tsaye, senti 35 a yawancin gundumomi, dala 1 a cikin birni. Na wayar hannu kuwa, wancan dala 1 da senti 20, Albani yake tafiya, babban birnin jihar, daga can ake rabawa.

An fara karɓar na wayar hannu tun 1991, senti 70 a lokacin, aka ƙara shi a 2002. Dalilin da aka bayar mai ƙarfi ne. In ka kira da wayar girke, adireshin gidanka yana fitowa a allon mai amsawa ko da ba ka iya buɗe baki ba. Wayar hannu ba ta da gida. Hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, ta tilasta wa kamfanoni su gyara wannan mataki biyu: da farko su nuna lambar mai kira da turken sadarwar da kiran ya bi, daga baya su nuna inda mutum yake tsaye, kuskuren bai wuce mita 50 zuwa 300 ba. Sai dai akwai sharaɗi: dole cibiyar da ke amsa kira ta mallaki na'urorin karɓar wannan bayani, sannan ta nema. Kamfani zai iya sanin inda kake, amma in allon da ke gaban mai amsawa tsoho ne, sanin bai amfane ka da komai ba. Wannan giɓin ne aka ce kuɗinmu zai cike.

A daren 24 ga Janairun 2003, cikin tsananin sanyi, wasu samari huɗu suka shiga ƙaramin kwalekwale daga City Island, wani tsibiri da ke cikin Bronx ɗin namu. Ruwa ya fara shiga kwalekwalen. Ɗayansu ya kira 911 da wayar hannu, ya yi magana ta 'yan daƙiƙoƙi, kiran ya yanke. Allon bai nuna inda suke ba, ba a kuma fita nemansu ba sai washegari. Duka huɗun suka rasu. Na tuna yadda shagon ya cika da maganar har tsawon makonni, musamman daga direbobin tasi, waɗanda rayuwarsu duka a kan titi take, kuma wayar hannu ce kaɗai abin da suke da shi in wani ya sa musu bindiga a ƙeya cikin dare. Tambayarsu ɗaya ce, kuma ni suke yi wa, tunda ni ne na saba kare layin: fiye da shekara goma ana karɓar kuɗin nan, ina ya shiga?

Amsar tana cikin jaridu tun kafin yaran su mutu. A 2002 babban mai binciken kuɗi na jihar, Carl McCall, ya fitar da rahoto cewa kuɗin ya tafi ne ga rundunar 'yan sandan jiha, an kashe shi a hidimomin yau da kullum, har da wankin kayan sarki da yankan ciyawa. Akwai kuma ɗan majalisar jiha, David Koon, daga yankin Rochester, wanda ya shiga siyasa saboda wannan al'amari: a 1993 an sace 'yarsa, ta samu ta danna 911 a wayarta, mai amsawa yana jin abin da ke faruwa amma ba shi da hanyar sanin inda take, har aka kashe ta. Shekaru ya yi yana bin majalisa a kan a sayi na'urorin. Sai bayan abin da ya faru a City Island aka ware dala miliyan 100 don gundumomi su hanzarta sayensu.

Ba na son mai karatu ya ɗauka tsarin duka banza ne, don na ga amfaninsa da idona. Wata rana da hantsi wata Hajiya mai kitso ta shigo shagon a guje, ko mayafi babu, ta ce mijinta ya faɗi a ɗaki ba ya motsi. Waya tana hannunta, amma ta gwammace ta sauko bene ta zo wurina. Tsoro biyu ne suka hana ta kira: takardunta ba su cika ba, kuma ta ji an ce motar asibiti kuɗi ce mai yawa. Na biyun gaskiya ne, don kiran ne kyauta, ɗaukar mara lafiya kuwa takardarsa tana biyowa baya. Na farkon kuwa, mai amsawa bai tambaye mu takardar kowa ba. Ya tambayi adireshi da hawan bene, ya tambaya ko yana numfashi, ya ce kada mu kashe waya. Kafin mu gama hawa benen mun fara jin jiniya. Mutumin ya rayu, ya ci gaba da tuƙin tasi. Daga baya na riƙa gaya wa matan unguwa cewa ko Turanci ya gagara, cibiyar tana haɗa mutum da tafinta ta waya. Nakan kuma gaya musu cewa tsohuwar waya da aka yanke wa layi, muddin akwai caji, tana kiran 911, don doka ce ta tilasta haka. Wannan bayanin ya jawo mana rigima kaɗan, don iyaye sukan bai wa yara tsoffin wayoyi su yi wasa, sai a ga 'yan sanda a bakin ƙofa suna tambaya ko lafiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a 2009, ba tare da wata hayaniya ba. Jihar ta sake rubuta dokar, ta daina danganta kuɗin da 911 kaɗai, ta mayar da shi na sadarwar tsaron jama'a gaba ɗaya. A cikin dokar an rubuta ƙarara cewa kashi 41.7 cikin 100, wato senti 50 daga kowace dala 1 da senti 20, baitulmalin jiha zai shiga, a kashe shi a duk abin da kasafi ya ga dama. Daga ragowar a ba 'yan sandan jiha nasu, a ba gundumomi tallafin rediyon jami'an tsaro, abin da ake ware wa gudanar da cibiyoyin amsa kira kansu bai wuce dala miliyan 10 a shekara ba, a jihar da ke tara wajen miliyan 200 daga wannan hanya. Abin da a da ake yi a ɓoye har mai bincike ya tona, yanzu ya zama doka.

Na yi ta tunanin me ya sa wannan kuɗin musamman yake da daɗin taɓawa. Ina ganin ƙanƙantarsa ce. In gwamna ya ce zai ƙara harajin gida ko na albashi, sai ya sha da ƙyar a zaɓe. Dala 1 da 'yan senti kuwa ba mai zanga-zanga a kanta, kuma an lulluɓe ta da suna mai kwarjini, wa zai fito ya ce ba zai biya kuɗin ceton rai ba? A gefe guda kuma wayar girke tana mutuwa. Zuwa 2016 fiye da rabin gidajen Amurka sun rabu da ita, don haka senti 35 ɗin da gunduma ke samu kai tsaye ya riƙa ƙanƙancewa, alhali kira kusan miliyan 240 ake yi a shekara a faɗin ƙasar, wajen kashi 80 cikin 100 daga wayar hannu. Gundumomi suka koma cike giɓin da harajin gidaje. Mai gida ya biya a takardar waya, ya sake biya a takardar gida, ɗan haya kuma ya biya nasa a ƙarin kuɗin haya bai sani ba.

Mutanenmu da yawa sun daɗe ba sa biyan komai, don layin kati suke amfani da shi, ba su da takardar wata. A Disambar 2017 aka toshe wannan ƙofa, aka sa senti 90 na jiha a kan kowane cinikin kati, birni ya ƙara nasa, mu masu shago muka zama masu karɓa. A ganina wannan adalci ne, don mai layin kati ma in ya kira ana zuwa. Sai dai wanda ke sa kati kaɗan-kaɗan sau da yawa a wata, saboda ba shi da na biya gaba ɗaya, ya fi mai hali biya.

Ba duk jihohi ne haka ba. Wani abokina da ya koma Filadelfiya ya nuna mini tasa takardar: a 2015 jiharsu ta Pennsylvania ta fara karɓar dala 1 da senti 65 a kan kowane irin layi, ta girke ko ta hannu, kuma kashi 83 cikin 100 gundumomi ake raba wa bisa ƙa'ida, kashi 15 a haɗa cibiyoyin da juna, kashi 2 kacal na ofis. Sun fi mu biya, amma mutum zai iya bin sawun kuɗinsa. Mutanen Chicago kuwa dala 5 suke biya a kowane layi tun 2018.

Tun 2008 doka ta wajabta wa FCC ta riƙa kai wa majalisar tarayya rahoto duk shekara a kan jihohin da ke karkatar da kuɗin. Wasu jihohin sun ji kunya sun daina. Niyok da maƙwabciyarta New Jersey, mai karɓar senti 90, sun zama 'yan gida a jerin. Wani kwamishinan hukumar, Michael O'Rielly, wanda shi kansa ɗan jihar Niyok ne, ya yi ta rubuta wa gwamnoni wasiƙu yana kiran sunan jihohin a bainar jama'a. Hukuncin da tarayya ke iya yi a lokacin ɗaya ne, ta hana jiha tallafinta: a 2019 da aka raba dala miliyan 109 don sabunta cibiyoyi su koma tsarin intanet, Niyok ba ta cancanci ko sisi ba. Amma wanda ke ajiye miliyoyi masu yawa duk shekara ba zai damu da rasa 'yan kaɗan sau ɗaya ba. Hujjar da jihar ta riƙa ba hukumar ita ce, bisa dokarta ta 2009, wannan ba kuɗin 911 ba ne, don haka babu abin da aka karkatar. FCC ba ta karɓi wannan hujja ba, kuma a 2021 ta fitar da ƙa'idojin da suka fayyace abin da ya halatta a saya da kuɗin da abin da bai halatta ba. A lokacin na riga na dawo gida, a waya wani tsohon direban tasi ya ba ni labari, ya ƙara da cewa layin yana nan a takardarsa, dala 1 da senti 20, bai ragu ba.