“Yaya, koma baya!”

Ranar da ƙanena ya fara daka mini tsawa a gaban mutane, muna shagon wani tela ne a Ɗorayi Ƙarama, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Mu shida ne a kan benci biyu, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Sai kawai na ji an ce, “Yaya, koma baya! Na ce ka koma baya!” Shago ya yi tsit. Tela ya ɗago kai ya dube ni, ya dubi yaron, ya sake sunkuyawa. Mai karatu, shekara goma sha shida na ba yaron nan. Ni na riƙe hannunsa na kai shi makarantar allo. Ban koma bayan ba, kuma ko minti ɗaya ba a yi ba aka tarwatsa ni.

Bari in koma farko don a gane inda aka kwana. A shekarar 2023, bayan an cire tallafin man fetur, kamfanin robobin da nake wa aiki a Sharaɗa ya rage mana kwanakin aiki, sai na riƙa yini a gida fiye da da. A nan idona ya buɗe a kan ƙanena. Ya gama sakandare, bai samu gurbin karatu ba, ba ya sana'a, kuma majalisar da yake zama ba ta kwanta mini ba. Duk mazaunin Ɗorayi ya san fargabar da iyaye ke ciki a kan faɗan daba. Na yi faɗa, na yi nasiha, har na kai ga cewa zan kore shi daga gidan. Abin da na samu shi ne ya daina yi mini magana, in ban da gaisuwar safe. Hajiyarmu ce ta ce da ni, “Kai dai ka iya faɗa. Ka taɓa tambayarsa abin da yake yi a wayar nan kuwa?”

Abin da yake yi shi ne wani wasan gem mai suna War Robots, wanda kamfanin Pixonic ya fitar a 2014. Ga wanda bai sani ba, yaƙi ne ake yi da wasu manyan motocin ƙarfe masu tafiya da ƙafafu, ɗauke da bindigogi da rokoki, kai ne direba. Wanda ya kalli fim ɗin Pacific Rim na 2013 ya ga irin halittar. Ana karawa mutum shida da mutum shida ta intanet, abokan karawar kuma daga ko'ina a duniya, wani sunan ma da rubutun Rasha ko na Sin za ka gan shi. Wasa ɗaya ba ya wuce minti goma. Kowa yana da gareji mai ɗaukar ƙarfe har biyar, in an kashe ɗaya ka shigo da na gaba, in duk sun ƙare sai ka koma ɗan kallo. A filin akwai fitilu biyar. Wadda ɓangarenku ya tsaya a kanta sai ta koma shuɗiya, ta abokan gaba kuma ja. Ɓangaren da ya fi riƙe fitilu shi ke zuƙe wa ɗayan rai a hankali har ya ƙare.

Na sauke wasan ne don in samu hanyar kusantar yaron, amma Allah Ya sani cikin mako biyu ni ma ya kama ni. Ƙarfen da na fi so wata narkekiya ce mai nauyin tafiya da ake kira Natasha. Har ta kusa haɗa ni rigima da uwargida, don wani dare ta ji ina salati ina cewa an kashe mini Natasha. Washegari ta ajiye mini koko ba ƙosai, ta ce in je Natashar ta soya mini.

Sai dai ba ma cin wasa. Mu shida ne: ni, da ƙanena, da tela mai shagon (shi ke da hasken sola, saboda haka shagonsa ne barikinmu), da wani direban Adaidaita Sahu, da wani mai aiki a kamfanin jima a Challawa, da wani ɗalibin Jami'ar Bayero. Da farko laifin muka ɗora wa netwok, kuma da gaskiyarmu, don wani lokaci sai ka harba ka ga wanda ka harba ya riga ya bar wurin. Daga nan muka ɗora wa talauci, shi ma da gaskiyarmu, domin akwai masu zuba dala su sayi ƙarafan da mu sai dai mu gani a jikinsu. Abin da ban yarda in kalla ba shi ne ni kaina.

Ni fa ɗan gidan kallo ne tun ina yaro. Finafinan Indiya da na Canis su suka raine mu, kuma abin da suka koya mana shi ne jarumi ya shiga gidan bos shi kaɗai, ya karkashe yaran bos, ya fito da ɗan jini a gefen baki. Da wannan tunanin nake shiga fili. Da an fara sai in miƙe tsakiya ina ruwan wuta. In an tashi sai ka ga sunana a sama wajen yawan ɓarna, amma an cinye mu. Ni kuwa sai in juya in ce wa ƙanena, “Kai me kake yi ne? Kullum kana yawo da wannan ɗan tsakon, ko mutum ɗaya ba ka kashe ba.” Ɗan tsakon shi ne Cossack, ƙaramin ƙarfe mai bindiga ɗaya, sai tsalle kamar fara. Ba ya tanka mini.

Daren da ya daka mini tsawar nan, bayan an cinye mu, na ajiye waya na ce kowa ya shaida yaron nan ya raina ni. Ɗan Challawa, wanda ya girme mu duka, shi ya ce, “Malam, yi haƙuri ka duba allon nan.” Ya nuna mini jerin sakamako. A gaban sunan ƙanena an rubuta fitilu shida da ya kama, a gaban nawa sifili. Ya ce, “Tun da muka fara, yaron nan ne kaɗai ke buga wasan da ake bugawa. Mu sauran dambe muke yi.” Wallahi ban yi barcin kirki ba a daren. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, to amma wannan karon yaron ne a ƙasa yana gani, ni ina kan rimi ina kallon wani wajen.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na san wannan darasin tun tuni. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekaru yana aiki a wata masaƙa a Bompai, kafin matsalar wuta da shigowar atamfa mai araha daga waje su durƙusar da masaƙun Kano. Kullum yakan ce mai saƙa ba ya alfahari, don in mai kaɗin zare ya tsaya shi ma ya tsaya. Ni ma a wurin aikina haka abin yake. Akwai mai zuba ƙwayar roba, akwai ni mai kula da inji, akwai mai gyare gefen bokiti, akwai mai jerawa. In mai jerawa ya tafi fitsari bai faɗa ba, cikin minti biyar kaya sun cushe, dole in kashe inji. Ban taɓa cewa mai jerawa ba ya aiki ba don bai taɓa inji ba.

Kashegari na je shago na ce daga yau ƙanena ne kwamanda. Ya ɗauka gatse nake yi. Da ya ga da gaske ne, sai ya karɓi allin tela ya zana fili a kan teburin yanka, ya shiga yi mana bayani kamar wani tsohon soja.

Na farko, ya ce fitila uku muke nema, ba biyar ba. In muka riƙe uku muka tsare su, lokaci da kansa zai yi mana aiki, su ne dole su fito su same mu. Kwaɗayin ta huɗu da ta biyar shi ke watsa mu, a bi mu ɗaya-ɗaya a tsince.

Na biyu, ba mai tafiya shi kaɗai in ba shi mai Cossack ba, don aikinsa ke nan. Sauran bibbiyu. In ɗaya yana jiran bindigarsa ta cika, ya laɓe a bayan gini ɗayan ya fito, kada wuta ta yanke.

Na uku, duk wanda ya kira, kowa ya juya kansa. Lissafin mai sauƙi ne. In mu uku muka harbi mutum uku daban-daban, duk ukun suna nan suna rama mana ko da sun ji jiki. In muka taru a kan ɗaya, nan da nan bindigoginsu sun ragu, mu namu suna nan.

Na huɗu, kowa ya san matsayinsa. A nan ne ɗalibin jami'a ya kawo misalin da ya zauna mana. Ya tuna mana Hawan Ɗorayi da muke kallo muna yara, yadda 'yan lifidi ke tafe dawakinsu lulluɓe, ga 'yan sulke, ga 'yan baka, ga 'yan bindiga. Ya ce tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, kuma ba a taɓa cin yaƙi da lifidi kaɗai ba. Saboda haka masu kaurin jiki su tsaya gaba su sha duka, masu dogon zango irina su tsaya baya inda za su hango fili, tela kuma ya ɗauki Mender, ƙarfen da ke warkar da na kusa da shi. Muka ce ai dama ɗinki ne sana'arsa.

Na biyar, magana gajera, kuma baki ɗaya ne ke ba da umarni. Fitilun suna da haruffa, amma cikin ruɗani sai ka manta wace ce wace. Sai ya raɗa musu sunaye. Ta kusa da mu ita ce Ɗorayi, ta dama Sharaɗa, ta hagu Challawa, ta tsakiya Kabuga saboda kowa ta nan yake bi, ta can gidan abokan gaba kuma Bompai, don ko a zahiri sai ka ratsa gari kafin ka je. Ya ƙara da cewa kada wanda ya ƙarar da ƙarafansa biyar kafin rabin lokaci, domin minti ukun ƙarshe su ne wasan. Saboda matsalar netwok kuma ya ce mu fi dogara da rokoki masu bin mutum da kansu, mu bar makaman da ke bukatar saiti daidai wa daida ga masu intanet mai ƙarfi.

Ba a ranar muka fara ci ba. Sai da muka yi kusan mako ana lallasa mu, ni kuma ƙafata tana ƙaiƙayin shiga tsakiya. Daren da abin ya kama, a filin Yamantau ne mai dusar ƙanƙara. Muna riƙe da uku, saura minti biyu, sai ga wani jibgegen ƙarfe na masu kuɗi ya doso Kabuga, jininsa saura kaɗan. Na fara matsawa in ƙarasa shi in samu suna. Sai na ji, “Yaya, koma baya, tsare Challawa!” Na cije na koma. Ina isa sai ga wasu biyu sun zagayo ta baya za su sace fitilar. Na riƙe su har ɗan Adaidaita ya iso. Muka ci. A jerin sakamako ni ne na biyar cikin shida, kuma ban taɓa jin daɗin wasa kamar na ranar ba. Ashe ko a Sholay na 1975 da muke ta yabo, mutum biyu aka ɗauko, ni ne dai ban lura ba.

A hanyar komawa gida, muna tsallake kwatoci da fitilar waya, yaron ya yi mini maganar da ta fi minti ɗaya, karo na farko cikin wata da watanni. Ya ce shi fa ba jami'a ce a ransa ba, haɗa sola yake so ya koya, ya daɗe yana kallon yadda aka haɗa na shagon tela. Shekara guda ina yi masa faɗa a kan rayuwarsa, ban taɓa tambayarsa me yake so ba. Yanzu yana wajen wani mai haɗa sola a Ja'en, yana fita tun safe, hannunsa duk ya yi kanta.

Ba ina cewa gem maganin tarbiyya ba ne, kada iyaye su ce na ce. Yana cin data, yana cin barci, kuma mun sa wa kanmu doka biyu: ba mai sa ko sisi don sayen ƙarfe, kuma sha biyu na yi a tashi saboda Asuba. Ranar Alhamis da Asabar kaɗai muke haɗuwa yanzu. A gida ni ne yaya, har gobe yana durƙusawa ya gaishe ni. A shagon tela kuwa in ya ce in koma baya, komawa nake yi. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu haƙurin sauraren na ƙasa da mu.